SHEKARAR DA AKA KIFE BENCI: TARIHIN KULLEN KORONA DA MASU SANA'AR DARE A LEGAS



 

Ranar Lahadin da muka sauko daga Idi, 30 ga Maris 2025, da daddare muna zaune a teburin shayin da muka saba zama a nan Ilupeju, sai wani daga cikinmu ya duba wayarsa ya ce, "Kun san yau shekara biyar cif da aka kulle Legas?" Wani yaro mai gyaran takalmi da ya zo daga gida bara ya ce shi bai gane ba, ta yaya za a kulle gari kamar Ikko, da wane makulli? Muka yi dariya. Amma da na koma ɗaki maganar ta tsaya mini a rai. Shekara biyar kacal, har an samu waɗanda ba su san abin da ya faru ba, mu da muka gani kuma mun fara mantawa.

Shi ya sa na ɗauko littafin taron ƙungiya na 2020 na sake karantawa, na haɗa da abin da na gani da idona, na rubuta wannan tarihi. Akwai kuma dalili na biyu. A taronmu mai zuwa za a yanke shawara kan asusun ko-ta-kwana, ko a bar shi ko a kashe kuɗin a sayi rumfuna da kujerun haya. Kafin kowa ya ɗaga hannu, ya kamata ya san yadda aka yi aka kafa asusun.

YADDA MUKA ZO, DA YADDA TEBURIN YA ZO

Zaman Hausawa a Ikko ya girmi Najeriya kanta. A 1863 Baturen nan John Glover ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda ake lissafawa a matsayin tushen sojan Najeriya. A 1896 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Legas, ya isa Ibadan a 1901, zuwa 1912 ya haɗu da na Kano. Jirgin ƙasa da goro su suka raya Zangon Agege. Fatake su sauko da shanu, su koma da huhunan goro. Daga baya aka buɗe unguwannin masana'antu irin su Ikeja da Ilupeju, har yau kuma hedikwatar Nestlé da ta PZ suna nan kusa da mu. Inda duk aka kafa kamfani ana bukatar maigadi da ɗan dako da direba, inda duk waɗannan suka taru kuwa sai ka ga mai shayi ya kafa teburinsa, mai tsire ya gina tukubarsa.

Wanda bai zauna kurmi ba zai ɗauka teburin mai shayi wurin karyawa ne kawai. Mu mun san ya wuce haka. Baƙon da mota ta sauke da asuba, can yake fara tambayar inda mutanen garinsu suke. Can ake ba da ajiyar kuɗi da saƙon da za a kai gida. Can ake sauraron labaran safe a rediyo, a yi cajin waya, a yi musun ƙwallo da siyasa. Yaran mai shayi da wasu 'yan ci-rani a nan suke kwana in an tashi.

Shi kuma cinikin ƙafa biyu gare shi. Ta farko daga sallar asuba zuwa hantsi, lokacin da ma'aikata ke shiga aiki, masu gadi ke sauka. Ta biyu daga magariba zuwa tsakar dare, ita ce kuma mai tsoka, domin a lokacin ake cin indomi da wainar ƙwai, a sha mai kauri. Jarin ba ya kwana. Gidan burodi su kawo da asuba a biya su da yamma, ƙwai a ɗauko kiret-kiret a bashi, madara da sukari a saro na kwana ɗaya ko biyu. A riƙe wannan bayani, domin da shi za a gane abin da dokar kulle ta yi.

ANNOBAR DA AKA YI KAFIN TAMU

Korona ba ita ce ta fara sa hukuma ta hana taro a Legas ba. A watan Satumban 1918 jirgin ruwa mai suna Bida ya shigo da murar nan da kakanninmu suka kira Marisuwa. Mutane suka riƙa gudu daga gari, cutar ta bi layin dogo, cikin 'yan makonni ta isa Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum rabin miliyan a Najeriya.

A 1924 aka yi annobar da ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta fi tsanani a unguwar Oko Awo a cikin tsibiri. Likitocin Turawa sun danganta shigowarta da fataucin goro daga ƙasar Gana ta yau, wato sana'ar mutanenmu. Ba ta lafa ba sai 1931, kuma a dalilinta aka kafa hukumar tsara birnin Legas a 1928, aka rushe gidajen talakawa masu yawa da sunan tsafta.

Ta uku da yawanmu mun gani. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibitin da aka kwantar da shi a Obalende, ita ma cutar ta yi ajalinta. Mutum 8 suka rasu a ƙasar nan, ranar 20 ga Oktoba aka bayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar. Waɗanda suke nan za su tuna daren da aka riƙa buga waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri, da yadda mutane suka ɗan ƙaurace wa nama. Amma a lokacin Ebola ba a hana kowa fita neman abinci ba. Saboda haka da aka fara maganar korona, da yawanmu mun ɗauka irin ta Ebola ce, za a yi surutu a wuce.

KAFIN KULLE

Shekarar 2020 ta zo wa masu ƙaramar sana'a da tsami tun kafin cutar. Tun Agustan 2019 iyakokin tudu suke rufe ga kaya. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari. A wannan ranar dai gwamnatin Legas ta hana acaba da Keke Marwa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa. 'Yan acaba kuwa su ne rabin masu zama a bencin mai shayi.

Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya zo daga Milan, aka kwantar da shi a asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba. A tsakiyar Maris aka hana taron ibada da ya wuce mutum 50, daga baya aka ƙara rage adadin. Ranar 23 ga Maris aka rufe makarantu, aka kuma rufe iyakokin tudu ga matafiya, 'yan uwanmu na Maraɗi da Tawa da Damagaram suka rasa hanyar gida. Ranar 26 aka rufe kasuwannin da ba na abinci da magani ba.

A layin da nake zama akwai sana'o'i uku da suke kallon juna. Akwai teburin wani dattijo mai shayi da ya fi shekara ashirin a wurin. Ya roƙe ni kada in sa sunansa, don haka Baba zan kira shi, kamar yadda kowa ke kiransa. Tsallaken titi akwai wata ƙaramar mashaya irin ta zamani, mai tebur bai fi shida ba, inda ake haɗa lemuka da barasa kala-kala a kofin gilashi, har da lemon nan da ake kira Chapman. Wata mata ce 'yar kudu ta buɗe ta da kuɗin sallamarta daga aiki. A bakin ƙofar mashayar kuma akwai tukubar wani ɗan uwanmu mai tsire. Maigadin wurin ma namu ne.

Zan faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Ranar da aka rufe mashayar, wasu a cikinmu hamdala suka yi, suka ce an rage saɓo a unguwa. Giya haramun ce, babu mai jayayya da wannan, kuma ba tallarta na zo yi ba. Amma kafin mako ya zagayo mai tsire ya daina hura wuta, domin masu sayen namansa daga cikin mashayar suke fitowa. Direbobin da ke jiran iyayen gidansu, da ma'aikatan wurin in sun tashi, a teburin Baba suke cin abinci. Kasuwar dare a Legas igiya ɗaya ce ta ɗaure ta, mun so ko mun ƙi.

MAKO BIYAR A KULLE

Daren Lahadi 29 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi, ya ce daga ƙarfe 11 na daren Litinin 30 ga wata kowa ya zauna a gida a Legas da Ogun da Abuja, na kwana 14. Ranar 13 ga Afrilu aka ƙara wasu 14. Ranar 27 aka sake ƙara mako guda. Jimilla mako biyar.

A takarda, masu sayar da abinci suna cikin waɗanda aka ɗaga wa ƙafa, kasuwannin abinci ma an ba su daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, yau a ci gobe a huta. Amma mai shayi ba shi da katin shaida da zai nuna a shinge. Ko an bar shi ya hura wuta, wa zai sayar wa? Yawancin kamfanoni a rufe, danfo ba ya tafiya. Baba ya gwada kwana uku. A na ukun wasu jami'ai, waɗanda ba zan ce ga daga inda suke ba, suka zo suka tarwatsa mutum huɗun da ke zaune, suka zubar da tukunya. Da hannunsa ya kife bencinan a kan tebur ya ɗaure da igiya. Wannan hoton ne ya ba ni sunan rubutun nan.

A sauran sassan ƙasa abin ya fi haka muni. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce a makonni biyun farko jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin dokar, adadin da ya fi na waɗanda cutar ta kashe zuwa lokacin. Dokar ba ta tsaya kan talaka kaɗai ba. An gurfanar da jarumar fim Funke Akindele saboda shirya biki a gidanta, aka ci ta tarar naira 100,000 da aikin al'umma na kwana 14.

Kalmar "zauna a gida" ta wanda yake da gida ce. Yaran Baba uku a ƙarƙashin rumfar suke kwana. Akwai masu kwana a masallaci, an kuma rufe masallatai. Akwai ɗakin da mutum takwas suke karba-karba, masu aikin dare su kwanta da rana, na rana su kwanta da dare, sai ga shi duka takwas ɗin sun haɗu a lokaci guda cikin zafin Afrilu.

Ana cikin haka tsoro ya ƙaru. A mako na biyu na Afrilu labarin 'yan daban da ake kira One Million Boys da Awawa ya cika gari. Daga Agege zuwa Abule Egba da Iyana Ipaja mutane suka riƙa kwana a titi suna ƙona tayoyi suna gadin layinsu. A waɗannan darare an ga abin da ba a saba gani ba, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri a bakin wuta ɗaya. Baba ya kwance igiyarsa ya dafa ruwan bunu ya raba wa masu gadi kyauta. Matar mai mashaya ce ta kawo sukari da ƙanƙarar da ta rage mata.

Ranar 17 ga Afrilu Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu a wani asibiti a nan Legas. Daga Kano kuma, inda aka kulle gari tun 16 ga wata, sai labarin mace-macen dattawa ke zuwa. Waɗanda suke cewa cutar ta masu hawa jirgin sama ce suka fara yin shiru. Mutum yana kurmi a kulle, a bugo a ce mahaifinsa ya rasu, ba halin zuwa jana'iza. A littafinmu na taro akwai ta'aziyya irin wannan shafi bayan shafi. Allah ya jiƙansu da rahama.

Gwamnatin jiha ta sanar da rabon abinci ga gidaje 200,000 a kashin farko. Attajirai da bankuna, ciki har da Alhaji Aliko Ɗangote, suka kafa gamayyar CACOVID. Amma a layinmu rabon ta hannun masu gidaje da shugabannin unguwa ya bi, ɗan ci-rani kuwa sunansa ba ya cikin littafin kowa. Wanda ke kwana a rumfar shayi ba a lissafa shi a matsayin gida.

Abin da ya cece mu shi ne junanmu. Shugabannin ƙungiya suka buga wa 'yan uwanmu masu kayan gwari a Mile 12 da masu shanu a Oko-Oba, waɗanda sana'arsu ba ta tsaya ba. Wani ya ba da buhun gero, wani albasa, wani ya fitar da zakkarsa tun lokacinta bai yi ba bayan ya tambayi malamai. Ni aka ba aikin rubuta sunaye, a littafin makaranta na 'yata na rubuta su. A ranar na gane cewa ƙungiyar da ta shekara da shekaru tana taro ba ta san adadin mutanenta ba.

AZUMIN DOKAR HANA FITA

An ɗauki azumi ranar Juma'a 24 ga Afrilu, babu tafsiri, babu asham a masallaci. Ranar Litinin 4 ga Mayu aka sassauta kulle. Wanda ya ga cunkoson da aka yi a ƙofar bankuna ranar ba zai manta ba. Aka wajabta takunkumin fuska, aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha, aka dakatar da acaba a faɗin jihar, gidajen abinci aka ce sai dai a saya a tafi da shi. Sannan aka sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe.

Ga mai shago da ke buɗewa da rana, wannan sauƙi ne. Ga mai shayi kuwa, ku yi lissafi da kanku. A watan Mayu ana shan ruwa a Legas wajen ƙarfe bakwai saura. Ƙarfe takwas doka ta fara. Sahur kuma kafin ƙarfe shida ne, cikin doka. Da rana masu sayensa suna azumi. Watan da mai shayi ya saba haɗa kuɗin Sallah da na taki, sai ya koma cinikin awa ɗaya a yini. Mai tsire ma haka, nama ba ya gama gasuwa an ce a tashi.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Baba ya koma ƙulla shayi a leda, yaransa su bi ɗakuna da filas kafin takwas ta yi. Ya ƙara kunu da ƙosai don buɗa-baki. Mai gidan burodin da ya shekara goma yana kawo masa ya ɗaga masa ƙafa kan tsohon bashi. Duk da haka sai da ya ci uwar kuɗi, ya sayar da janareto da ƙaramin firij ɗinsa. Littafin bashinsa kuma ya cika da sunayen mutanen da ya san ba su da abin biya, bai kuma hana su ba.

Wasu suka yanke shawarar tafiya gida ko ta halin ƙaƙa, a saman motocin kaya da suka sauke tumatir ko shanu. Wasu kuma daga gida suke ɓoyowa su taho. Da aka fara kama irin waɗannan motoci ana nunawa a talabijin, sai aka shiga yi wa kowane ɗan Arewa kallon mai ɗauke da cuta. Kamar yadda aka jingina annobar 1924 ga fataken goro, haka muka sake ji a jikinmu.

An yi ƙaramar Sallah ranar 24 ga Mayu ba tare da zuwa filin Idi ba.

BUƊEWA KAƊAN-KAƊAN

A farkon Yuni dokar hana fita ta koma ƙarfe 10 na dare zuwa 4 na asuba. Ranar 1 ga Yuli aka buɗe hanyoyin jihohi, mutane da yawa suka tafi noma a makare, wasu ba su dawo ba har yau. Ranar 7 ga Agusta aka koma sallar Juma'a a masallatan Legas, ranar 14 aka bar gidajen abinci su zaunar da rabin mutanen da suka saba. A Satumba dokar ta koma 12 na dare zuwa 4. A lokacin ne Baba ya sauke bencinansa gaba ɗaya.

Mashaya da gidajen rawa su aka bari a ƙarshen layi. Maƙwabciyarmu ta riga ta biya hayar shekara tun Janairu, ga shi wata biyar ko kwabo bai shigo ba. Ta sallami ma'aikatanta ɗaya bayan ɗaya. Ta gwada ɗura Chapman da zoɓo a gora tana aikawa gidaje. Ta koma dafa shinkafa don a lissafa ta cikin masu abinci. Maigadinta, ɗan uwanmu, rabin albashi ta riƙa ba shi, shi kuma ya ƙi barin wurin, ya ce ba zai gudu ya bar kayan amana ba.

Gwamnatin tarayya ta fito da tallafi. Babban Banki ya ware naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL. A Satumba aka buɗe shirin Survival Fund na naira biliyan 75, wanda ya haɗa da naira 30,000 ga masu sana'ar hannu da direbobi, da rajistar sunan kasuwanci kyauta ga mutum 250,000. Sai dai kusan komai ta intanet ake cikewa, ana bukatar asusun banki da lambar BVN, tallafin albashi kuma sai mai rajistar CAC. Na zauna da waya na cike wa mutane da dama. Mafi yawan waɗanda suka zo wurina a tambayar farko muke tsayawa, domin ba su da asusu.

Oktoba ta zo da zanga-zangar EndSARS. Ranar 20 ga wata aka sa dokar hana fita ta awa 24, a daren aka yi harbin Lekki. A kwanakin nan aka yi rikicin Fagba, inda aka rasa rayuka da dukiya. Ranar 22 jama'a suka fasa rumbun kayan tallafin korona a Maza-Maza, aka ga buhuna da katan-katan na abinci jibge, wata shida bayan yunwar Afrilu.

A Disamba cutar ta dawo zagaye na biyu, har Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya kamu. Ranar 21 ga wata kwamitin shugaban ƙasa da Boss Mustapha ke jagoranta ya ba da umarnin rufe mashaya da gidajen rawa da wuraren biki na mako biyar. Disamba kuwa ita ce kakar masu wannan sana'a, a cikinta suke haɗa hayar shekara mai zuwa. Da Janairu ya zo maƙwabciyarmu ba ta iya sabunta haya ba. Muna zaune mota ta zo ta kwashe kujeru. Ta tsallako ta yi sallama da Baba, ta bar masa manyan kofuna guda shida, har yau da su yake ba manyan baƙi shayi. Mai tsire ya koma Agege wurin ɗan uwansa. Shagon yanzu na masu POS ne.

Rigakafi ya iso ƙasar nan ranar 2 ga Maris 2021. A watan nan hauhawar farashin abinci ya kai kashi 22.95 cikin ɗari, wato wanda ya tsira da teburinsa ya dawo ya tarar da jarin jiya ba ya sayen kayan yau. Dokar hana fitar tsakar dare ba a ɗage ta gaba ɗaya ba sai Afrilun 2022.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na sha tambayar kaina me ya sa teburin Baba ya rayu, mashayar da ta fi shi jari ta mutu. Ita tana da haya da albashi da kuɗin wuta da ba sa jira, kuma doka ta ambaci sana'arta da suna, ta fi daɗewa a rufe. Shi kayansa tebur ne da tukunya, ya iya ƙanƙancewa har ya koma filas ɗaya. Sannan yana da jama'a. Mai burodi ya yi masa haƙuri, ƙungiya ta kai masa gero, waɗanda ya ba bashi da suka samu sun dawo sun biya. Ita kuwa ita kaɗai take faɗanta.

Ban ce kulle kuskure ne ba. Cutar gaskiya ce, mun binne mutane. Abin da na gani shi ne, ranar da hukuma za ta rufe gari ba ta shawara da mai shayi, ranar rabon tallafi kuma wanda ke cikin littafi ake kira. Daga 1918 zuwa 2020 sau huɗu annoba ta girgiza garin nan, babu kuma wanda ya yi mana alkawarin ita ce ta ƙarshe.

A taron farko da muka yi bayan an buɗe masallatai aka kafa asusun ko-ta-kwana, aka rubuta cewa ba za a taɓa shi ba sai don annoba ko gobara ko rikici ko rusau. Masu son a sayi rumfuna suna da hujja mai ƙarfi, domin darajar naira tana zubewa, kuɗin da ke kwance kullum raguwa yake yi. Ra'ayina a matsayin ɗan ƙungiya, ba da sunan shugabanni ba, shi ne a tuna cewa a 2020 masu hayar rumfa da kujeru suna cikin waɗanda aka fara rufewa, domin an hana biki. Ranar da za mu bukaci kuɗin, ranar ce rumfar ba za ta kawo ko sisi ba. In za a juya wani kaso, a juya, amma a bar abin da zai sayi hatsi a hannu.

Ina kuma roƙon duk wanda bai yi rajista ba, musamman masu shayi da masu tsire da yaransu, ya same ni bayan taro a rubuta sunansa da garinsu da inda yake kwana. Wanda ba shi da asusun banki ko katin ɗan ƙasa, akwai matasanmu da suka ɗauki nauyin raka shi. Wanda kuma ya tuna wani abu na shekarar nan da ban kawo ba, ko ya ga na yi kuskure, ya gyara mini a ƙara a littafi.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kare mu daga annoba da fitina, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da Legas da Najeriya lafiya. Amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya
Ilupeju, Legas